Wasiƙa daga Yogyakarta: Waken Soya a Madadin Nama

Gwaggo,

Ya mutanen gida, ya kasuwa? Allah ya sa awararki tana ƙarewa kafin la'asar kamar yadda ta saba.

Kin tambaye ni abin da nake ci a Indunusiya, tunda naman shanu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ki kwantar da hankalinki. Waken soyan nan da kike aunawa a kasuwar Keffi shi ke riƙe da ni, sai dai mutanen tsibirin Jawa sun sarrafa shi ta wata hanya, suna ce masa tempe.

Jiƙa waken ake yi, a murje ɓawon, a tafasa, a tsane shi ya sha iska. Sai a barbaɗa masa wani farin gari mai suna ragi, a ƙunshe a ganyen ayaba, a ajiye inda ke da ɗumi, kamar dai yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa. Cikin kwana biyu wata farar saƙa ta lulluɓe ƙwayoyin, ta haɗe su curi guda da ake yankawa da wuƙa. Ba shi da wari, ƙamshinsa mai sanyi ne. A awara ana tace madara a ba dabbobi dusar. A nan waken gaba ɗaya ake ci, kuma kowane giram 100 na ɗauke da kusan giram 19 na sinadarin gina jiki.

Mutanen garin nan sun fi son tempe bacem: a dafa shi a ruwan kwakwa da mazarƙwailar kwakwa da tafarnuwa da albasa har ruwan ya tsotse, sannan a soya. Ni kuwa idan kewar gida ta taso, nakan yanka shi ƙanana, in soya har gefensa ya yi ja, in zuba cikin miyar alayyahu da attaruhu, in tuƙa tuwon shinkafa. Yana shan miya har cikinsa, ba ya dagargajewa, kuma yana riƙe ciki har dare.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, yawancin waken da suke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, musamman Amurka. Mu kuwa ga Binuwai a maƙwabtanmu tana noma shi, ga zafin Keffi daidai da abin da tempe ke buƙata, ga ɗaliban jami'ar jiha masu neman abinci mai araha.

Zan zo miki da ragi idan na taso hutu, in Allah ya yarda. Ki ware mini mudu guda na wake mai kyau, mu gwada tare, mu fara da mutanen gida.

Ki gaishe mini da Baffa da yara duka.

Wassalam,
Ɗanki na Yogyakarta