Jabo Da Na Sani, Da Jabon Da Duniya Ta Gani

Mai karatu, yaushe ka fara jin sunan Jabo? In dai kai ba mutumin ƙasar Sakkwato ba ne, na san amsar: a ƙarshen Disambar 2025 ne, bayan harin da Amurka ta kai Jihar Sakkwato a daren 25 ga wata. Gwamnatin Tarayya ta ce 'yan ta'adda aka nufa a wani daji na Ƙaramar Hukumar Tangaza, amma ɓaraguzan makamai su ka faɗo a Jabo, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a garin ba. To amma tun daga ranar, in ka nemi Jabo a intanet abin da za ka gani kenan: gona ta ƙone, guntayen ƙarfe, jama'a sun yi cirko-cirko.

Ni kuwa da wata Jabon na saba, shi ya sa na ce bari yau in ajiye sharhin fim in ba ka labarin ta.

A hunturun 2023 ne. Mu huɗu ne, duk tare mu ka yi difloma a foli. Ɗayan mu ɗan wannan yanki ne, kuma tun mu na makaranta ya ishe mu da labarin wani kogo da ke bayan ƙauyen su. Ran nan dai mu ka ce a je a gani. Bayan an sauko daga Juma'a mu ka loda tanti na aro, tabarmi, barguna, risho, jarkar ruwa da tocila huɗu a wata tsohuwar Golf, mu ka kama hanyar Jega daga Sakkwato.

Hanyar nan kan ta littafi ce. Ga Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ga Boɗinga, mazaunin Malam Abdullahi ƙanen sa kafin Gwandu. Ga Shagari, inda aka rufe tsohon Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari a 2018. Ita kan ta Tambuwal, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya kafa ta. Ka faɗa min, fim nawa ka taɓa gani da ya tsaya ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare?

Shirin mu shi ne mu zarce ta wajen Kebbe mu kwana a daji sosai. Da kawun abokin mu ya ji, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyana, mi kuka biɗa can? Zamani ya sake. Ku kwan inda in kun yi kira a ji ku." Mu ka ce, "To, Baba." Shi ya kai mu mu ka gai da mai gari, aka san da zaman mu, sannan mu ka kafa tanti a bakin gonar sa.

Dare ya yi, mu ka hura wutar kara, aka ɗora shayi, aka fito da kilishi. Sama fes, ga Kaza da 'Ya'yan ta kamar ka miƙa hannu. Can wajen ƙarfe biyu sai mu ka ji kukan babur ya nufo mu. Wallahi ba wanda ya ce uffan. Kowa ya na jin bugun zuciyar ɗan'uwan sa. Ashe wani manomi ne ya yi sammako zai je ban-ruwan albasa a fadama. Ya yi sallama, mu ka amsa da muryar da mu kan mu ba mu gane ba. Mun yi dariya daga baya, amma dariyar da ɗaci. Kukan babur kawai ya isa ya hana samari huɗu barci a ƙasar su ta haihuwa.

Da safe wani yaro makiyayi ya ja mu zuwa tudun. Irin tuddan nan ne masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara a sama, ƙasa mai taushi a ƙarƙashi, wadda ruwan damina ya rarake ya bar rami. Sai da rarrafe mu ka shiga. Warin kashin jemage ne ya fara tarbar mu, sai ƙayar beguwa warwatse a ƙasa. Da mu ka samu wurin zama, ɗayan mu ya ce a kashe tocila. Kai! Ban taɓa sanin duhu ba sai ranar. Tafin hannun ka ma ba ka gani, sai fiffikar jemagu a saman kai.

A nan ne na tuna da finafinan mu. Daren mu na fim ya fi rana haske. Dajin mu lambu ne da aka share. In za a yi waƙa, sai a tafi Tiga ko duwatsun Jos, a juya, a dawo. Tun Turmin Danya a 1990 masana'antar nan ke tafiya, amma har yau falo da kujeru ne rabin labarin ta. Alhali magabata ba haka su ka yi ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce tun daga farko har ƙarshe, haka ma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976.

Na san furodusa zai ce da ni tsaro da tsada. Gaskiyar sa, ni ma ba zan ce kowa ya ɗauki kyamara ya faɗa daji ba. Amma mu da mu ka bi ta hannun dattawa, mun je mun dawo lafiya ran Lahadi, har da buhun albasa a but. Marubuci kuwa biro da kuɗin mota kawai ya ke buƙata.

Saboda haka ga roƙo na gare ka, mai karatu, ko marubuci ne kai ko ɗan kallo. In ka na da aboki ɗan ƙauye, bi shi gida wani ƙarshen mako. Gai da manya, ji shawarar su, kwana inda su ka ce. Garin da 'ya'yan ƙasa ba su ba da labarin sa ba, ranar masifa kaɗai za a ji sunan sa.