Kenya: Makiyayan da Ke Cin Moriyar Namun Daji

Kenya ƙasa ce ta tuddai a gabashin Afirka, babban birninta Nairobi, sanyin safiyarta sai da bargo. A gundumar Narok, kudu maso yamma, akwai gandun dajin Masai Mara, wanda aka keɓe a 1961, ya yi iyaka da Sarangeti ta Tanzaniya. Daga Yuli zuwa Oktoba dabbobin dawa fiye da miliyan ɗaya ke ƙetare kogin Mara neman ciyawa, kadoji na dakonsu a ruwa. Wannan ke jawo baƙi daga Turai, Amurka da Sin.

Mutanen wurin, Masai, makiyaya ne kamar Fulaninmu, dogaye, masu yafa jan mayafi. Madara da nama ne cimarsu, wani lokaci har da jinin saniya, abin da ban iya kallo ba da na ziyarce su. Mata ke gina ɗakuna da laka da kashin shanu. Da yawansu sun zama Kiristoci, wasu na nan kan bautar gargajiya. Amma tarbiyyarsu ta burge ni: yaro ba ya miƙa wa babba hannu, sai ya sunkuyar da kai, babban ya dafa shi. Na ga ɗan makaranta ya tsallako hanya takanas don wani tsoho ya dafa kansa, na tuna yadda durƙuso ke ƙaranci a gidajenmu.

Da can, kashe zaki da mashi shi ne jarumtar saurayi. Gwamnati ta hana farauta a 1977, sai dai doka kaɗai ba ta sanyaya zuciyar wanda zaki ya cinye wa saniya. Abin da ya yi aiki shi ne haya. A yankin Naboisho da ke kusa da gandun, tun 2010, masu ƙasa sama da 500 suka haɗa filayensu suka ba masu masaukin baƙi haya, kowane wata kuɗi na shigo musu, shanu kuma na kiwo bisa tsari. Direban da ya zaga da ni ya shaida mini da kuɗin nan ƙannensa ke karatu, shi ya sa ba mai barin mafarauci ya taɓa giwa.

Abin bai rasa aibi ba. Annobar korona ta 2020 ta ɗauke baƙi, aljihu ya bushe. A Loliyondo ta Tanzaniya kuwa, an tashi Masai daga makiyayarsu a 2022 da sunan kare daji. Wannan zalunci ne.

Mu a nan gida, daga Ɗambatta zuwa Bichi gona ta haɗe da gona, burtali ma ya ƙuntata, yaranmu sun san kura a tatsuniya kawai. Amma gandun dajin Falgore da na Yankari suna nan. Ina kira ga hukuma ta ware wa ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da su kaso daga kuɗin shiga, ta ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, domin su ne za su tsare dajin.