Gudun Asuba a Edinbara

A makon ƙarshe na Disamba rana ba ta fitowa a Edinbara, babban birnin Sikotland, sai wajen ƙarfe tara saura kwata, kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Awa bakwai ke nan na haske, shi ma galibi a bayan gajimare. A wannan lokaci na sauka garin domin aikin bincike na wata shida, da gargaɗin likita a kunnena: jinina ya hau, ko in motsa jiki ko in ga abin da ba na so. Hawan jini ne ya kwantar da mahaifina shekara huɗu kafin ya rasu, don haka ban ɗauki maganar da wasa ba.

Na zaci na san sanyi. Wanda ya yi hunturu a Samaru, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yakan ɗauka ya gama gani. Amma sanyinmu busasshe ne, da hantsi ya dubi ludayi sai ya sake ka. Na can jiƙaƙƙe ne. Iska ce ke kwaso shi daga Tekun Arewa, ta ratsa tufa ta isa ƙashi. Na sayi takalmin gudu da safar hannu, na ɗau alwashi mai zafi. Kwana tara suna jingine bayan ƙofa.

Ba ƙarfin hali ne ya fitar da ni ba, kunya ce. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1998, tafiyar 'yan mintuna ce daga filin Meadows, fili mai faɗi da bishiyoyi jere a gefen hanyoyinsa. A sahun Asuba na saba da wani dattijo ɗan Sudan, direban tasi, wanda kan sauka daga aikin dare ya yi sallah, ya zaga filin sau biyu kafin ya je ya kwanta. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Da na ba shi labarina, cewa kawai ya yi: “Malam, gobe ina jiranka a bakin ƙofa.” Ta yaya zan ja bargo alhali furfura na tsaye cikin sanyi domina?

Shi ya koya mini sauran. Kada in jibga kaya. Riguna marasa kauri biyu ko uku sun fi babba ɗaya, kuma ban da ta auduga, don tana riƙe gumi ta huce a jiki. In fita ina ɗan jin ɗari, minti goma na farko ne wuya. In gajarta taku, in bi inda aka watsa gishiri, domin ƙanƙarar da ke kayar da mutum ba ta da launi, sai ka rantse ruwa ne kwance. Sau ɗaya na ƙi ji, gwiwata ta ba ni labari mako guda.

A ƙarshen Fabrairu muka haura Arthur's Seat, tsohon dutsen aman wuta mai tsawon mita 251 da ke cikin birnin. Rabin hanya ni ke haki, shi ke hira. A ƙololuwa iska ta nemi ture mu, ga gari a ƙasa fitilunsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi agogo ya ce, “Mu sauka, Malam, barci nake ji.”