Ispaniya: layin dogon da bai taɓa ganin jirgi ba

A kudancin ƙasar Ispaniya, cikin jahar Andalus, tsakanin garin Olvera da garin Puerto Serrano, akwai wata hanya mai tsawon kilomita 36, kusan nisan Yamai zuwa Kollo. Duk wanda ya dube ta ya san ba domin keke aka yi ta ba. An huda duwatsu wuri 30 domin ta wuce, an gina mata manyan kadarko 4 bisa kwazazzabai, an kuma yi mata tashoshi 5 na saukar fasinja da kaya. Aikin jirgin ƙasa ne sosai. Amma tun da aka gina ta, yau kusan shekara ɗari ke nan, jirgi bai bi ta ba ko sau ɗaya. Masu keke ne ke bin ta, da masu tafiya a ƙasa, da mahaya dawaki. Mutanen wurin suna ce mata Via Verde de la Sierra, wato koriyar hanyar duwatsu.

Labarin ya samo asali ne daga zamanin Janar Miguel Primo de Rivera, sojan da ya riƙe mulkin Ispaniya daga 1923 zuwa 1930. Shi ɗan garin Jerez ne, kuma manoma da attajiran wannan yanki sun daɗe suna roƙon a ja masu layin dogo cikin duwatsu, domin alkama da man zaitun da dabbobinsu su sami hanyar fita zuwa bakin teku. Sojoji ma suna da tasu bukata: suna son layin da zai haɗa sansanin jiragen ruwa na Kadis da na Kartahena. Da ɗan gida ya hau mulki sai magana ta yi sauƙi. A 1926 aka sanya layin cikin tsarin gwamnati na layukan da za a gina da gaggawa, daga Jerez zuwa Almargen, kusan kilomita 120. Aka tara leburori, aka fasa duwatsu, aka ɗaga kadarko. Sannan Janar ya faɗi a 1930, kuɗi suka yanke, yaƙin basasa ya ɓarke a 1936 bai ƙare ba sai 1939. Ƙarfen dogo dai an shimfiɗa shi a ɗan guntun farko, daga Jerez zuwa wajen Arcos, amma bai taɓa hawa duwatsun ba. Abin da ya rage na fata, rahoton da Bankin Duniya ya yi kan tattalin arzikin Ispaniya a 1962 ya ƙarasa shi, domin ya ba da shawarar a dakatar da ginin sababbin layuka.

Mai karatu na Yamai ko Dosso ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan yadda wannan yake ji a zuciya. Layin Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, an fara shi a 2014, an yi bikin buɗe shi a watan Janairu na 2016, sannan shekaru suka bi baya ɗan kasuwa bai ɗora buhu ɗaya a kai ba. Mutanen Olvera sun yi irin wannan jira shekara sittin. Ramukan duwatsun suka zama wurin fakewar makiyaya da bisashensu, tashoshin suka zama kangaye, samari kuma suka watse cikin shekarun 1960 zuwa Barselona da Faransa da Jamus neman abin kai bakin salati.

Ba su kaɗai ba ne. A ranar 1 ga Janairu 1985 gwamnatin Ispaniya ta rufe fiye da kilomita 900 na layukan da ba su biyan kuɗin gudanar da su. Da aka yi ƙidaya a 1993, sai aka tarar ƙasar tana da kilomita 7600 na layin dogo da ba a amfani da shi, wani an rufe, wani ba a taɓa gamawa ba. Wannan ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau takwas. A wannan shekara ce ma'aikatar ayyuka da kamfanonin jirgin ƙasa na gwamnati suka ƙaddamar da shirin korayen hanyoyi, suka ɗora wa gidauniyar jiragen ƙasa ta Ispaniya nauyin daidaita shi. Yanzu hanyoyin da aka gyara ta haka sun haura kilomita 3000, kuma ta Olvera tana cikin waɗanda suka fi suna.

Dalilin da ya sa layin dogo ya dace da keke a fili yake ga wanda ya san halin jirgi. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, ba ya son kwana mai tsanani. Saboda haka injiniyoyi sukan nema masa hanya mai sauƙin gangara, mita biyu ko abin da bai kai ba cikin kowace mita ɗari. Inda dutse ya tare sai a huda shi, inda kwari ya buɗe baki sai a ɗora kadarko. To, abin da jirgi ke so shi ƙafar mai keke ke so. Cikin ƙasar da hanyar mota take hawa tana sauka kamar bayan raƙumi, sai ga wata hanya shimfiɗaɗɗiya wadda tsoho ɗan shekara saba'in da jikansa za su bi tare, har da mai keken guragu. Mafi tsadar aikin kuwa kakanni sun riga sun biya shi. Abin da aka ƙara cikin shekarun 1990 shi ne daɓe, wani wuri kwalta wani wuri tsakuwa, da shingen kariya bisa kadarko, da fitilu cikin ramuka masu tsawo. An hana motoci bi, in ban da manoman da gonakinsu ke bakin hanya a wasu wurare.

Matafiyi mai wayo daga Olvera yake farawa, domin daga can hanya gangara take yi. Garin yana da mutum wajen 8000, yana zaune bisa tsauni, gidajensa duk an shafe su da farar ƙasa, har suna kashe ido da tsakar rana. A can ƙololuwa akwai babban coci, kusa da shi kuma, bisa wani dutse mai tsini, tsohon ribaɗi ne da Musulmin Andalus suka gina a ƙarshen ƙarni na 12. Nan ne bakin iyakar daular Garnaɗa har zuwa 1327, shekarar da sarki Alfonso na 11 ya ci garin. Wanda ya hau hasumiyar zai ga gonakin zaitun jere-jere iyakar ganinsa, domin man zaitun shi ne gyaɗar wannan ƙasa. Tashar jirgin tana can ƙasa, gindin tsaunin. An gyara ta ta zama masauki da gidan cin abinci da wurin hayar keke, an kuma ƙera ɗakunan kwana masu siffar taragon jirgi, abin da wani zai ɗauka ba'a ce mutanen garin suke yi wa kansu.

Daga nan ramuka suke bi ɗaya bayan ɗaya, wasu gajeru ana hangen ƙarshensu, wasu sai da tocila. Mutum ya fito daga zafin rana ya faɗa cikin sanyi da duhu, ƙarar tayarsa tana amsa kuwa, ya sake fitowa cikin zaitun. Wajen kilomita goma sha biyar sai dutsen Zaframagon ya bayyana, tsayinsa mita 584, kogin Guadalporcun ya tsaga shi ya yi masa wani ƙunci mai zurfi. Tun 1989 doka ta keɓe wurin, kuma abin da take karewa shi ne ungulu. Fiye da ma'aurata 200 na wata babbar ungulu mai fari-farin wuya, wadda buɗin fukafukanta ya kai mita biyu da rabi, suna sheƙa a jikin dutsen, yana cikin manyan mattaransu a Turai. An mai da tsohuwar tashar wurin kallo, an dasa na'urar ɗaukar hoto a jikin dutse, baƙo yana zaune yana ganin uwa tana ciyar da ɗanta a allo.

Mahaucin Maraɗi zai yi dariya in ya ji Nasara yana biyan kuɗi domin ya kalli ungulu. Sai dai in ya tuna zai ga ungulun da suke cika mahauta a zamanin ƙuruciyarsa sun yi ƙaranci, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya irin ta Afirka ta Yamma cikin masu dab da ƙarewa a 2015. A Zaframagon ungulu ta zama jari: ita ke jawo motocin ƴan lakwal daga Sebil da Kadis, ita ke tsai da baƙo ya sayi ruwa da abinci.

Bayan nan hanya ta bi kwarin kogi har tashar Coripe, inda akwai kadarko mafi tsawo, ya haura mita 200, sannan rami mafi tsawo, na Castillo, mita 990. Ƙarshen tafiyar a gefen kogin Guadalete ake yin sa. Sunan kogunan biyu, kamar na wasu da yawa a Andalus, da kalmar Larabci ya fara, wadi, wato kwari mai ruwa.

To, me ƙauyawa suka samu? A nan ya kamata ɗan kasuwa ya kasa kunne. Mai mota yana iya ratsa waɗannan garuruwa cikin rabin awa bai kashe ko dala ba. Mai keke kuwa tafiyar awa uku ko huɗu ce gare shi, in da yara ma wuni guda. Yunwa za ta kama shi, ƙishirwa za ta kama shi, taya za ta yi faci, dare zai yi masa. Tun da hanyar miƙaƙƙiya ce ba zagaye ba, da yawa ba su da ƙarfin komawa, sai su ɗauki hayar taksi ta mai da su da kekunansu inda suka bar mota. Daga nan ne masu masauki da masu abinci da masu hayar keke da direbobi suke samun nasu, mai man zaitun kuma ya sayar da kwalba kai tsaye ba tare da dillali ba. Huɗu daga cikin tashoshin biyar an raya su ta wannan hanya.

Abin da ma'aikacin gwamnati zai fi lura da shi kuwa shi ne wanda ke riƙe da hanyar. Ta ratsa larduna biyu, Kadis da Sebil, ta taɓa ƙasar garuruwa shida: Olvera, Pruna, Coripe, Montellano, El Coronil da Puerto Serrano. Hausawa na cewa jakin gayya yunwa ke kashe shi, kuma da an bar kowane magajin gari da guntunsa, da wani ya share nasa wani ya bar ciyawa ta cinye. A shekara ta 2000 sai majalisun lardunan biyu da garuruwan shida suka kafa gidauniya guda, da kasafinta da ma'aikatanta, ita ke gyaran daɓe, da fitilu, da ba da hayar tashoshi, da tallata hanyar. Aikin ba ƙarami ba ne, domin ƙasar wurin yumɓu ce, in damina ta yi ƙarfi gefen tudu yakan zame ya toshe hanya, sai an kawo katafila. Kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Mai keke kyauta yake bi, aljihun hukuma ke biyan gyara. Akwai wani abu kuma da aka yi daidai tun da farko, ko da gangan ko bisa sa'a: filin layin bai fita hannun hukuma ba. Da an yanka shi fuloti-fuloti an sayar, ko an ƙyale kowane maƙwabci ya ja shingensa ya haɗiye, da babu kuɗin da zai sake haɗa kilomita 36 a jere.

Amma kada a cika gishiri. Layin dogo kwari yake bi, garuruwan Andalus kuwa bisa tudu suke, tun zamanin da ake gudun hari. Tashar Coripe tana da ƴar tazara da garin, kuma hawa ne. Ta Olvera ma sai mutum ya sha tudu kafin ya kai kasuwa. Baƙon da ya gaji sau da yawa a tasha yake ci ya sha ya juya, mai kanti na cikin gari sai dai ya ji labari. Cinikin kuma na lokaci ne: Asabar da Lahadi, da watannin Maris zuwa Mayu, da Oktoba da Nuwamba. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 40, irin na Tawa a watan Afrilu, hanya ta yi tsit sai kukan gyare. Sannan keke ba ya ɗaukar tan talatin na alkama. Kakannin da suka roƙi jirgi fitar da amfanin gona suke so, wannan kuwa har yau kamyo ke yin sa. Wanda ya ce koriyar hanya ta maye gurbin jirgi ya faɗi abin da ya fi gaskiya girma. Ta dai hana gumin leburorin 1927 tafiya a banza, ta kuma buɗe wa wasu iyalai ƙofar da ba su da ita a da.

Ana ganin iyakar abin a ƙarshen hanya. Puerto Serrano gari ne mai mutum wajen 7000 a bakin Guadalete, kuma yawancinsu ƴan ƙwadago ne, domin a Andalus manyan gonaki tun da daɗewa a hannun iyalai kaɗan suke, talaka sai dai ya sayar da ƙarfinsa na yini. Tashar garin an gyara ta, akwai ɗakunan baƙi da wurin cin abinci da filin ajiye motoci, ranar Lahadi da safe cike yake da mutanen birni suna sauke kekuna. Duk da haka cin rani bai mutu ba. In zaitun ya nuna a tsinke shi a gida, in lokacin wani amfani ya zo a bi shi wani lardi. A ƙarshen watan Agusta kuma, sa'ad da masu keke suke shirin dawowa bayan zafi, maza da mata na garuruwan waɗannan duwatsu suna ɗaure kayansu, suna hawa manyan motocin safa zuwa kudancin Faransa tsinkar inabi.