Shawarar da ta raba ɗan ƙanwata da kyamararsa

Ni ne na sa ɗan ƙanwata ya sayar da kyamararsa. Tsohuwa ce mai nauyi, megafiksil 12 kacal, amma da ita yake cin abinci, daga ɗaurin aure zuwa suna da saukar karatu, tsakanin Shinkafi da Zurmi. Da ya zo Ƙaura Namoda neman shawara, nan take na ce ya rabu da ita ya sayi waya mai megafiksil 108. Na daɗe ina gyaran waya, ana jin maganata a wannan fanni, shi kuma bai saba yi mini musu ba. Ya sayar, ya cika da kuɗin ragonsa.

Aikinsa na farko da sabuwar wayar ɗaurin aure ne a Zurmi, bayan an sauko daga Juma'a, rana na tsakiyar ka. Ango da waliyyai sun sha fararen shaddoji, amma a hoto ko zare ɗaya na aikin gaban riga bai fito ba, fari fat. Inda ya rage haske don aikin ya bayyana, sai fuskoki suka nutse cikin duhu. Na dare kuwa duk tsaki-tsaki. Ya kawo mini ya ce, "Kawu, duba abin da take yi." Na ce hannunsa ne bai faɗa ba. Wannan amsa ta fi shawarar farko yi mini ciwo, domin na ɗora wa yaro laifin jahilcina, ga shi masu biki sun riƙe masa ragowar kuɗi.

Wani malamin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wanda yake kawo mini gyara, shi ya warware mini. Bayan gilashin kyamara akwai farantin silikon da aka yanka gida-gida, kowane gida shi ne fiksil. Haske in ya faɗa ciki yakan saki ilektiron, a tara su, a juye su cikin wata 'yar kafasita, a auna ƙarfin lantarkin da suka bayar. Ya ce in ɗauka kamar tarar ruwan sama ne. Ka ajiye ludayi, ko yayyafi aka yi za ka gane, amma da an kece sai ya cika ya zube. Ka ajiye randa, za ta ɗauki mamako, amma yayyafi ba ya nuna komai a cikinta. Ƙaramar kafasita na jin ɗan hasken dare, tana kuma saurin cika. Babba na jure rana, amma a duhu abin da ta tara yakan ɓace cikin hayaniyar lantarkin kanta. Fiksil in ya cika, shi ke nan: farar shadda da farin zaren aikinta lamba ɗaya za su bayar, babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a auna ba.

A nan ne lissafina ya rushe. Farantin waya ƙarami ne, in aka raba shi gida miliyan 108 kowane gida bai kai maikuron ɗaya ba. Na Samsung da ya fito a 2019 maikuron 0.8 ne, alhali kaurin gashin mutum ya kai maikuron hamsin ko fiye. Irin wannan fiksil ilektiron dubu kaɗan yake ɗauka, na babbar kyamara kuwa dubu gomomi. Shi ya sa da yawa daga waɗannan wayoyi suke haɗa fiksil tara su zama ɗaya, hoton ya dawo megafiksil 12, adadin da na raina. Na kira yaron na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa, muka sayo wata kyamarar ta hannu daga Kano, na biya rabin kuɗin.

Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne yadda masana suka daɗe suna fama da wannan matsala. Tun da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro farantin CCD a 1969, Eric Fossum kuma ya fito da irin farantin da ke cikin wayoyinmu a farkon shekarun 1990, ake neman fiksil mai jin duhu mai kuma jure rana. Fujifilm a 2003 ta gwada haɗa babban gida da ƙarami a wuri ɗaya. Wasu suka sa makunni da ke ƙara girman kafasita da rana ya rage shi da dare. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hotuna a jere, mai haske da mai duhu, su haɗe su, dabarar da ke aiki in mutane na tsaye cik, amma doki a hawan Sallah yakan fito da inuwa biyu.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Shigetoshi Sugawa da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku ta Japan a 2005, ana kiranta LOFIC. Sun bar ƙaramar kafasitar yadda take, suka ajiye babba a gefenta, abin da ya tumbatsa ya gangara can maimakon ya zube. A ɗauka ɗaya ake karanta biyun. A 2024 ta fara shiga wasu wayoyin China masu tsada.

A ganina, mu ne muka fi kowa bukatarta. Baƙar fata, farar riga, da ranar Zamfara a watan Afrilu, duk a hoto ɗaya, jarrabawa ce mai tsanani ga kowane faranti. Kafin ta iso kasuwarmu da araha, duk wanda ya zo shagona zai sayi waya don sana'ar hoto, nakan fita da shi waje da azahar, mu tsayar da mai farar riga rabi a rana rabi a inuwa, mu ɗauka, mu buɗe hoton mu duba zaren wuya da ƙwayar ido kafin a yi maganar kuɗi.