Harsashi na Bakwai

Da Babbar Sallar bara muka je gida, ƙauyenmu da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa. An yi ruwan shuka, gawo ya fara zubar da ganye, kowa hankalinsa na gona. Daren washegarin Sallah muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, muka buɗe kwamfuta don mu kalli wani wasa da muka daɗe da saukewa aiki bai bar mu mun kalla ba. Kafin a jima yara sun kewaye mu. Baffa ma ya jawo buzunsa ya matso. Ƙaninmu kuwa yana gefe, fuskarsa a cikin waya.

Wasan irin wanda Turawa ke kira opera ne, wato wasan kwaikwayon da ake rera yawancinsa da waƙa. Sunansa Der Freischütz, ma'ana maharbi mai harsashin tsafi. Carl Maria von Weber ne ya tsara kiɗansa, Friedrich Kind ya rubuta labarin, aka fara nuna shi a Berlin ranar 18 ga Yuni, 1821. Wanda muka kalla sabon shiri ne da Philipp Stölzl ya yi a 2024 a garin Bregenz na ƙasar Ostiriya, inda ake gina dandamali a kan tafki, 'yan kallo kusan 7,000 suna zaune a bakin ruwa. An gina ƙauye guda da karkatattun gidaje, ƙanƙara ta rufe shi, a zamanin da Jamus ta fito daga yaƙin shekara talatin da ya ƙare a 1648.

Suna rerawa, muna karanta rubutun da ke ƙasa muna mayar wa jama'a da Hausa. Wani saurayi ne, Max, yake son Agathe, 'yar Kuno, sarkin dawan yankin. Al'adarsu ita ce ba a ba da irin wannan yarinya sai manemi ya yi harbin gwaji a gaban yarima ya samu. Shi kuwa duk abin da ya auna sai ya kuskure.

"Wannan ai ba maharbi ba ne," in ji Baffa. "Dubi yadda ya riƙe bindiga kamar muciya."

Baffa ya yi gaskiya. A labarin asali Max yaron sarkin dawa ne, amma Stölzl ya mai da shi magatakarda, mutumin biro da takarda a cikin masu bindiga. Nan muka ji wasan ya taɓo mu, don mu ma haka muke a garin nan: mun yi digiri a kan kwamfuta, muna rubuta manhaja a Kano, amma in aka miƙo mana garma kunya za mu sha.

Baffa ya san abin da yake faɗa. Da ƙuruciyarsa ya yi farauta, adakarsa na nan rataye a zaure. Yanzu babu dajin. Gona ta haɗe da gona tun daga bayan gida har garin gaba, kowace tsamiya da kowace ɗorawa da mai ita. Ko zomo sai an yi sa'a.

Sai aka zo wurin da wasan ya yi suna a kansa. Kaspar, abokin Max, wanda ya riga ya sayar da ransa ga shaiɗani Samiel, ya ja shi wani kwazazzabo da tsakar dare suka narka harsashi bakwai. Shida duk inda ka auna nan za su je. Na bakwai na shaiɗan ne, shi zai zaɓa masa wuri. Yara suka yi tsit. Baffa ya girgiza kai ya ce, "Haka abin yake. Asirin da ya ba ka nama ba ya mantuwa da kasonsa."

A daidai nan ƙaninmu ya tashi ya shige gida. Mu kaɗai muka san dalili.

An sa masa rana. Kuɗin lefe ya gagara, don abin da ya samu a gyaɗa da wake bai kai rabi ba. Wata uku kafin Sallah ya turo mana wata manhaja, ya ce, "Yaya, duba mini wannan, an ce kuɗi na ninkuwa cikin wata guda." Mun duba. Mun san sarai lambar da ke hawa a fuskar waya rubutu ne kawai a rumbun bayanai, wanda ke riƙe da rumbun yana iya rubuta miliyan ya goge cikin ƙiftawar ido. Mun san ribar da ake ba na farko kuɗin na baya ne. Amma muka ce masa, "To, ka dai yi a hankali." Dalili kuwa, da mun ce kada ya shiga, tambaya ta gaba ita ce mu nawa za mu ba shi, alhali kuɗin haya ya tsaya mana a wuya. Kunya ta sa muka yi shiru.

Sau uku aka biya shi riba. Ganin haka ya sayar da raguna biyu da yake kiwo, ya haɗa da na gyaɗar ya zuba. Sati biyu kafin Sallah manhajar ta daina buɗewa.

Muna cikin wannan tunani cajin kwamfuta ya ƙare, allo ya yi baƙi. Yara suka hau ƙorafi, sai muka ƙarasa musu da baki yadda Kind ya rubuta. Ranar gwaji harsashin da ya rage wa Max shi ne na bakwai. Yarima ya nuna masa farar kurciya, ya harba, shaiɗan ya karkata harsashin wajen amarya. Ta faɗi, amma ba ta mutu ba, Kaspar ne ya kwana ciki. Max ya faɗi gaskiya, yarima ya ce a kore shi daga ƙasar. Sai wani tsoho mai ibada ya fito daga daji ya ce yaron ya yi laifi, amma a dubi abin da ya kai shi: wace irin al'ada ce za ta rataya rayuwar mutum biyu a kan harsashi ɗaya? Aka soke harbin gwaji, aka ba Max shekara guda ya gyara halinsa kafin a ɗaura aure.

Bayan yara sun watse muka gaya wa Baffa komai, har da namu laifin. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Kai da Allah ya ba ilmin abin, shirunka ya fi nasa gangancin nauyi." Maganar nan har yau tana mana ciwo.

Da safe ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan surukan. Ba mu san duk abin da suka tattauna ba. Mun dai san an rage akwatuna, an ɗaga biki zuwa bayan kaka, kuma mahaifin yarinyar ya ce shi mutum yake nema wa 'yarsa. Ƙanin namu ya yi daminar nan a gona kamar ba gobe. Mu kuma muka ɗauki kuɗin taki, muna turawa kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata, abin da ya kamata mu yi tun farko.

An ɗaura auren bayan an kai gero rumbu. A wurin walima wani ɗan kawunmu ya raɓo mu, ya miƙo waya, ya ce, "Yaya, duba mini wannan." Muka karɓa, muka ja shi gefe, muka ce ya zauna, maganar tana da tsawo.