Sa'ar tashin lakwal: wa ke tsaron ɗiyanmu?



A nan Bambeye, da rana ta take tsaka aka buga ƙarfen tashi, yara kan hito a guje kamar an buɗe ma awaki garke. Lokacin nan mu muna wajen rijiya ko gindin murhu, mushe kuma ya gaji, shi ɗaya da aji cike. Ga ƴan kabu-kabu, ga amalanken jakkai, ga motocin Tawa ranar kasuwa. Yaron CI mai shekara 7 bai san saurin babur ba, gida kawai yake gani.

Munka zamna a taron asusu munka ce: tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata ke tsaron kuɗin juna cikin akwati mai makulli. To, ɗa bai fi kuɗi ba?

Sai munka je wurin daraktan lakwal da uwayen AME, aka shirya. Kowace rana mata biyu ke tsayawa, ɗaya a ƙofar lakwal, ɗaya a bakin hanya. Juyi muke yi kamar na adashi, an rubuta sunaye a kaye. Wadda ta haihu ko tana jinya, maƙwabciyarta ta karɓe ta. Manyan yaran CM2 suna jera ƙanana unguwa-unguwa, babba a gaba, babba a baya. Amma ba mu yarda yaro ya tsaya tsakiyar hanya yana tare babur ba. Wannan aikin babba ne.

Wasu mazan sun ce zaman banza ne. Wata cikinmu ma ta ce, wa zai daka mata hura? Gaskiyarta, sa'a guda ba ƙarama ba ce wurin mace. Shi ya sa juyin bai wuce sau ɗaya a mako.

Ba mu manta gobarar azuzuwan kara ta Yamai a Afrilun 2021 da ta Maradi a Nuwamban shekarar ba, inda ƙananan yara sunka rasu. Allah ya jiƙan su. Don haka mai juyi tana duba ko akwai wuta kusa da rumfa kafin ta tahi.

Ku kai maganar a taronku na wannan mako, ku fara da mata biyu. Allah ya raya mana zuri'a.